Waƙar da Na Yi wa Matata, Ashe ta Ƙawarta Ce

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da muka cika shekara goma da aure ba, ni da Hannatu. Yayanta ne ya haɗa mana 'yar walima a gidansa da ke Muchiya bayan an taso daga coci. Ni kuwa malamin Hausa ne a wata sakandare a Samaru, kuma tun ina ɗalibi nake ganin kaina mawaƙi (har yau dai ni kaɗai ke ganin haka). Sai na ce ba turmin zane zan ba ta ba, waƙa zan yi mata.

Sati uku ina fama. Na zaɓi ranar da na fara ganinta a kasuwar Sabon Gari, lokacin da ruwan sama ya kora mu ƙarƙashin rumfar wani mai sayar da bokitai. Ina ganin abin tar a idona: atamfa ruwan ɗorawa, ɗankwali ya jiƙe, ga wata dariya da ta sa na manta ruwa ake yi.

Bayan an ci shinkafa na miƙe, na gyara murya. Na kai baitin da nake taƙama da shi:

"Ruwan ɗorawa kika sa ran nan,
Dariyarki ta kore mini hadari."

Aka tafa. Na dubi Hannatu ina jiran hawaye. Ita kuwa cokali take juyawa a faranti.

"Baban Ishaku," ta ce a hankali, "ni ban taɓa mallakar atamfa ruwan ɗorawa ba. Saratu ce ta sa ta. Ni ce ta gefenta, mai mura, cikin tsohuwar rigar sanyin Yaya."

Saratu, ƙawarta tun yarinta, tana zaune a gabana da mijinta. Ta rufe fuska da gyale. Mijin ya ajiye lemonsa ya ce, "To Malam, ci gaba mana, muna jin yadda ta kaya." Falon ya fashe da dariya. Ni dai ban san yadda aka yi na koma kujera ba.

Abin da ya fi damuna, ba ƙarya na shirya ba. Fiye da shekara goma ina ɗauke da hoton nan a raina, kuma fuskar Hannatu ce a ciki. Ashe zuciya tela ce. Ta ga wadda take so, ta ga kaya masu kyau, sai ta ɗinka mata su ba tare da ta tambayi kowa ba.

A hanyar komawa Samaru, da muka wuce Kwangila, Hannatu ta juyo ta dube ni.

"Waƙar ta yi daɗi," ta ce. "Amma ka sake wata. Ka sa murar, ka sa rigar Yaya. A haka ka gan ni, kuma gidanmu ka zo, ba nasu Saratu ba."

Na sake. Ba ta kai ta farko zaƙi ba (ka gwada nema wa "majina" amsa-amo ka gani), amma ita ce take ninke a cikin Littafinta Mai Tsarki.

Yanzu duk ɗalibin da ya kawo mini waƙar soyayya, kafin in duba kari da amsa-amo, sai in tambaye shi ko ya tabbata ita ce ta sa kayan.