Ruwan Da Bai Kwana Ba

Da hantsin ranar Talata an ga mutuminku, mai wannan shafi, yana tafe a bakin titi riƙe da langa mai murfi da hannu biyu, yana taka ƙasa a hankali. Waɗanda suka gaishe shi sun ɗauka abinci zai kai wa mara lafiya. Sun kusa canka. Mara lafiyar ne a cikin langar.

Ga yadda abin ya faro. Wata biyu da suka wuce 'yar autarsa ta tafi jami'a, ta bar kifayenta na ado guda uku, jajaye masu ruwan gwal, a cikin akwatin gilashi a kan teburin falo. Shekara huɗu tana kiwonsu, kuma ko ɗaya bai taɓa ciwo a hannunta ba. Babban cikinsu, wanda take kira Kumatu, yakan taso ya karɓi abinci daga yatsanta. Uwargida ta nemi a ba ta riƙon, amma mutuminku ya ce shi ya fi cancanta, tunda ya shekara goma sha biyu yana rubutu a kan matsalar ruwa. Autar ta rubuta masa ƙa'idoji a takarda ɗaya, gaba da baya. Ya karɓa, ya yaba da ƙoƙarinta, ya sa a aljihun tebur domin nazari.

Masu karatu sun san famfon unguwarmu. Sau ɗaya a mako yakan yi tari, ya zubo abin da ya samu, kowa ya cika duronsa ya rufe. Daga wannan duro ake ɗibar wa kifayen ruwa tun zuwansu gidan. Sai a makon jiya aka ce Mai Girma Garkuwan Bututu, Allah ya ƙara masa ɗaukaka, zai zo ya ƙaddamar da injin ruwan nan da ya ƙaddamar bara da bara waccan. Nan take ruwa ya zo. Kwana takwas yana zuba, fari tas, yana ƙamshin asibiti. Akwai yara a layinmu da aka fito da su su gani.

Mutuminku ya ga bai dace a bar kifin talaka a baya ba, shi ma ya kamata ya sha romon gwamnati. Ya kwashe kifayen a roba, ya zubar da tsohon ruwan gaba ɗaya, ya wanke gilashin da tsakuwar cikinsa da sabulu har suna ƙyalli, ya jona tiyo daga bakin famfo ya cika akwatin. Ya ja baya ya dubi aikinsa. Da akwai ƙyalle a kusa, da ya yanka.

Washegari da safe kifaye biyu suna saman ruwa suna haki. Kumatu yana ƙasa, ya karkata gefe ɗaya, fukafukansa a manne da jiki.

A nan ne shekaru goma sha biyu na bibiyar manya suka yi amfani. Da uwargida ta tambaya, ya ce mata babu wata matsala, kifi haka yake hutawa, kuma ya roƙe ta ta guji yaɗa jita-jita. Da azahar, ganin hutun ya yi tsawo, ya kafa kwamiti mai mutum biyu: tela na ƙofar gida da wani direba mai ritaya. Sun zauna a falo, sun sha shayi, sun duba akwatin ta ɓangarori huɗu. Tela ya ce kewar yarinyar ce, a liƙa hotonta a jikin gilashin. Direba ya ce shi a saninsa duk abin da ya kwanta haka yunwa ce. Aka karɓi shawarwarin biyu. Aka liƙa hoto, aka ninka abinci. Kafin la'asar ruwan ya yi fari kamar an zuba masa madara.

Shi ya sa ranar Talata ya ɗauki langa ya nufi shagon mai sayar da kifin ado a bayan kasuwa, wani dattijo mara yawan magana. Dattijon ya buɗe murfin, bai ko dubi kifin ba, ya sunkuya ya shinshina ruwan.

"Wannan ruwan bai kwana ba," in ji shi.

Mutuminku ya amsa da alfahari cewa ai sabo ne fil, daga famfo kai tsaye.

"Abin da nake faɗa ke nan, Alhaji. Maganin da ake zuba wa ruwa don ya kashe ƙwayoyin cuta, shi ne ke ƙona wa kifi wurin numfashi. Sai an tara shi a bokiti, baki buɗe, ya kwana ɗaya ko biyu, maganin ya fita. Da can wane ruwa kuke ba su?"

Ya ce na duro. Dattijon ya ce to, duron ne ya raya su.

Wato shekara huɗu kifayen nan suna cikin ƙoshin lafiya albarkacin gazawar masu ruwa. Ranar da suka yi aikinsu, sau ɗaya tak, har da zuba magani yadda littafi ya ce, ranar ce mutuminku ya kusa hallaka gida guda. A madadin kifayen, wannan shafi yana godiya ga Mai Girma bisa haƙurin da ya yi bai gyara famfon da wuri ba.

Dattijon ya lissafa abin yi. A daina ba su abinci kwana biyu. A riƙa ɗebe kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum, a mayar da wanda ya kwana. A bar injin kumfa, mai ba ruwan akwatin iska, a kunne. Kada sabulu ya sake kusantar akwatin. Game da hoton kuwa, ya ce ba ya cutarwa. Da mutuminku ya yi ƙasa da murya ya tambaya ko akwai wani kifi mai kama da wannan, ko da za a buƙaci musanya shi kafin autar ta gani, dattijon ya dube shi ya ce mai kiwon shekara huɗu ba za ta kasa gane kifinta ba.

Ya dawo gida ya buɗe aljihun tebur. Layi na farko a takardar, da manyan baƙaƙe, an ja masa layi biyu a ƙasa: ruwa sai ya kwana. Ya mayar da takardar inda take.

Kwana uku ya yi yana jigilar bokiti. An jera su a tsakar gida, kowanne da ranar da aka tara shi a rubuce da alli. Ƙananan biyun sun warware a rana ta biyu. Kumatu ya ci gaba da kwanciya, bakinsa kawai ke motsi, mutuminku kuma yana zaune a gabansa da jarida a hannu wadda bai juya shafinta ba. Ranar Juma'a da safe kifin ya miƙe, ya yi zagaye ɗaya a karkace, ya yi na biyu daidai.

Da yamma autar ta kira ta bidiyo. Mahaifinta ya gyara zama ya sanar da ita cewa an ɗan fuskanci ƙalubale, amma an shawo kan lamarin, babu asarar rai, kuma an ɗauki matakan hana aukuwar haka nan gaba. Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce ya juya wayar ta ga akwatin. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, wa ya wanke tsakuwar?"

Ya ce ana kan bincike.

"Baba, ka karanta takardar?"

Ya ce ya karanta. Ta tambayi yaushe. Ya ce ranar Talata.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya miƙa wa Umma wayar. Daga inda yake zaune ya ji ana miƙa mulki: abinci, canjin ruwa da injin kumfa duk sun koma hannun uwargida daga wannan rana. Shi an bar masa ɗaukar bokiti, bisa sharaɗin ba zai zuba komai ba sai an duba. Ya nemi a ba shi dama ta biyu, uwargida ta ce za a yi nazari.

Bikin ƙaddamarwar dai an yi shi ranar Asabar, famfo kuma ya ɗauke ranar Lahadi, don haka kifayen sun fita daga haɗari. Iyakar binciken wannan shafi, a duk faɗin garin nan mutum ɗaya ne ya taɓa rasa muƙaminsa saboda matsalar ruwa, kuma yanzu haka yana tsakar gida yana jiran bokiti ya kwana.