Gilashin Da Bai Taɓa Hawa Ba

"Lafiya lau, angona. Ya ƙafa? Na ga yau ma sandar ce ta riga ka shigowa."

"Da sauƙi, amarya. Ke kuma ya ɓarna?"

Haka suka gaisa a bakin gareji, tsohon direba da jikarsa, wadda ta koyi aikin sa wa motoci iyakwandishan. Gingimarinsa na tsaye a ƙarƙashin rumfar kwano, bonet a ɗage. Motar ta girmi uban yarinyar. Tun da zafi ya sumar da tsohon a kan sitiyari bara, 'ya'yansa suka yanke magana: ko a sa wa motar sanyi ya riƙa tuƙi gilashi a rufe, ko su karɓe makullin. Makullin nan kuwa, ko wanka zai shiga da shi yake shiga.

Ya zagaya motar a hankali, kamar wanda ya zo dubiya. Ta nuna masa kwamfuresar da ta ɗaura a gefen inji, da ƙarfen da aka yi wa walda don ya riƙe ta, da sabon bel, da tiyon da suka ratsa har cikin kan mota. Ya ce ta farke wa baiwar Allah ciki ba ko allurar barci. Ta ce ai motar ba ta ji ba, kurma ce kamar mai ita. Ya ce kunnensa garau yake, maganar banza ce kawai ba ya bari ta shiga.

"Firij za ki sa ni, kamar kifi."

"Ɗanyen kifi ake sa wa a firij, tsoho. Kai ka daɗe da bushewa."

"To me busasshe zai yi a ciki?"

"Gudun kada ka kama da wuta."

Suka hau. Ta tayar da injin, ta murɗa maɓalli. Motar ta yi tari, ta girgiza, sannan ta daidaita, iska mai sanyi ta fara fitowa ta ƙasan allon gaba. Tsohon ya kai tafin hannunsa, ya daɗe bai janye ba. Daga baya ya ce bakin tulu ma ya fi wannan.

Saura rufe gilashi. Na ɓangarenta ya hau da ƙara. A ɓangarensa kuwa babu hannun murɗawa, sai ɗan guntun ƙarfe tsirara. Ya ce hannun ya faɗi tun kafin a yaye ubanta, gilashin ma wani bijimi ya fasa shi da ƙaho, yana kishin kyan direban. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce da safe ta kwance murfin ƙofar. Gilashin na nan a ciki, ko ƙwarzane babu, har da tambarin kamfani a jikinsa. Hannun kuma jiya ta gan shi da idonta.

Tsohon ya ɗaga kai yana duban rufin mota, kamar an rubuta wani abu a can.

Gwiwar hannunsa na kan bakin taga, daidai inda ta cinye fenti har ƙarfe ya fito yana sheƙi. Wannan hannun ya fi ɗan'uwansa duhu nesa ba kusa ba. Shi yake ɗaga wa mai faci, da mai lemon kan kwana, da wani tsohon maigadi da ba su taɓa sanin sunan juna ba.

"Mutum ya wuce mutane gilashi a rufe," ya ce a hankali, "sai dai gawa ko mai kuɗi. Ni kuwa ban kai ko ɗaya ba."

Ta goge hannu da tsumma. Sannan ta gaya masa babanta na tafe da la'asar don ya gani da idonsa, in gilashin bai hau ba da makullin zai koma. Ita kuma, in ji ta, ba ta zaman aure da mai tafiya a ƙasa, ya shirya takardarta. Ya tambaye ta wa zai kwashe ta da baƙin mai a hanci. Ta ce masu ƙananan motoci layi suke yi, kuma kowa da haƙoransa.

Ya ce to, a bar masa 'yar kafa daga sama. Ta ce yatsu kawai. Ya ce shi bai taɓa gaida ɗan Adam da yatsu ba, hannu ne har wuyansa ko a fasa.

"Sanyin zai gudu, angona."

"Ya fita ya gaisa da mutane shi ma. Ya koyi tarbiyya."

Dariya ta ƙwace mata har ta kifa kai a kan allon gaba. Da ta ɗago ta ce ta yarda, amma in babanta ya zo a rufe ruf, ya kuma yi fuskar mutumin kirki in zai iya.

Tsohon ya leƙa waje, ya ga ba kowa. Ya cire hularsa, ya zaro hannun gilashin daga ciki, da ɗuminsa.

"Ungo," ya ce. "Sadakinki ke nan. Kada in ƙara jin kin ce ban biya ba."