Ranar da Na Gasa Jita

Shekarar da naira ta fito, jita uku gare ni a Gaya, ko ƙuda ba na bari ya sauka a kansu. Wata rana Ɗanladi mai garaya ya zo daga Gafasa, ya kara fatar garayarsa a wuta, sautinta ya yi zaƙi. Nan take na ɗauko jitar da na fi so, na kai ta tukubar mai tsire, ina jujjuya ta kamar gwani.

Ɗanladi ya ce, "Malam, katako ne fa."

Na ce, "Na Turai ne."

Sai ƙas! Gam ya saki, bayanta ya wangale.

Har yau jikan mai tsiren in ya hango ni sai ya ce, "Baba, a sa mata yaji?"