Gangar Kuba a Falon Atine

"Lafiya lau, ya hanya, ya ka baro su Gwaggo?"

A nan gaisuwar Atine ta tsaya, don idonta ya sauka kan abin da Nasidi ya jingine a ƙofar falonta a unguwar Mesaimeer ta birnin Doha. Wata doguwar ganga ce mai jan fenti. Nasidi taubashinta ne, ɗan ƙanwar babanta, yana gadi a wani otal a unguwar West Bay. Da zai tafi hutu Kano ta roƙe shi ya taho mata da kalangu, saboda ta yi wa makarantar 'yarta Ummukulthum alkawarin kiɗan Hausa a ranar al'adu. Saura kwana biyu.

"Mene ne wannan?" ta tambaye shi.

"Saƙonki."

"Kalangu na ce, Nasidi. Wannan ai turmi ne aka yi wa kwalliya."

"Jahilci ba kyau, ko da mutum likita ne. Sunanta konga. Yayar kalangu ce, zaman ƙasar waje ya sa ta yi ƙiba."

"Ina tsarkiyarta? Wa zai iya saƙala wannan a hammata?"

"Hammatarki za ta ɗauka, har da sauran wuri."

"Ka raina ni, ɗan Gwaggo. Daga ina ka kwaso ta?"

Nasidi ya zauna ba a ba shi wuri ba, ya gyara hula. "Akwai makaɗa 'yan Kolombiya a otal ɗinmu. Shekara biyu ina tsaye a ƙofa ina jin su, har muka saba da babbansu. Shi ya ba ni tarihin. Mutanenmu aka kwasa a jirgin ruwa aka kai Kuba da Brazil. An raba su da komai, ban da kiɗa. Can suka tarar da gitar Sifaniyawa da sarewar 'yan asalin ƙasar, aka gauraya. Rumba ta fito a Kuba, samba a Brazil, kumbiya a Kolombiya. Salsa kuwa a New York ta yi suna, amma a Kuba aka binne cibiyarta."

"Na aike ka kasuwa, ka dawo min da lacca."

"Ban gama ba. Ita samba ɗin ma sunan kakanmu Malam Sambo ne, bakin Turawa ya karkatar da shi."

"Kada ka kuskura ka sa Malam Sambo cikin ƙaryarka. Bawan Allah ko tafi bai taɓa yi ba har ya koma ga Mahaliccinsa." Ta matso ta tsaya a kansa. "Dube ni nan. Mantawa ka yi, ko?"

Nasidi ya dubi silin, ya dubi ƙasa.

"Na saya, wallahi na sayi kalangun a kasuwar Kurmi. Yana nan rataye a ɗakin Inna. Sai da jirgi ya tashi na tuna. Wannan aro ce."

"Aro. An buga takardar tsarin taron da sunana, Ummukulthum ta gaya wa duk 'yan ajinsu. 'Yan Gana za su zo da nasu, 'yan Sudan za su zo da nasu, ni kuma in fito da gangar aro daga otal? Kai da kan kifi ba ku da maraba."

Nasidi ya gyara zama. Ya jawo gangar tsakanin gwiwoyinsa ya fara buga ta da tafin hannu, a hankali, sannan ya juya zuwa kiɗan 'yan dambe irin na unguwarsu. Sautin ya fi na kalangu kauri, amma kiɗan shi ne dai. Atine ta naɗe hannu tana hararsa.

"Ƙafarki na motsi," in ji shi.

"Sauro ne."

"A hawa na huɗu, cikin sanyin AC?"

Ta danne dariya, dariyar ta ƙi dannuwa. "Khalas, magana ta ƙare. Jibi kai za ka tsaya gaban iyayen yara ka kaɗa, kai za ka yi bayanin jirgin ruwan da bakinka. Ka nemi izini a wajen aiki tun yau. In kuwa na ji sunan kakanmu a lasifika, a wurin zan kife maka gangar nan a kai."

"Na yarda." Ya zaro ƙunshin kilishi daga jaka ya miƙa mata. "Wannan ban manta ba."

Atine ta karɓa ta shinshina. "Da kalangu ana cin sa, da tuni ya iso Doha."