Sarkin Kwana Ya Rufe Kakar Tsere

Duk ɗan arewan da ya zauna a yankin Washington a shekarun baya bai ji sunan Injiniya Ladan ba, to laifin kunnensa ne, don shi dai Injiniya bai taɓa gajiya da faɗa ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa iri-iri, babbar cikinsu kuwa ita ce sanin cewa an yi masa baiwar. Yana zaune a wani dogon bene a Alexandria, yana aiki da kamfanin da ke yi wa gwamnatin Amurka kwangila. In ka tambaye shi irin aikin, sai ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya ya ce ba a faɗa. In ka tambayi matarsa Rumasa'u kuwa, sai ta ce maka shi ke kula da injin sanyaya ɗakin kwamfutoci.

Amma fagen da Injiniya ya fi shahara shi ne tseren motoci. Ranar Lahadi da an idar da Asuba zai zauna gaban talabijin yana kallon tseren da ake yi a Turai, yana gyara wa direbobi tuƙi. Ya gaya musu inda za su taka birki, ya gaya musu lokacin canza taya. Wanda ya ƙi jin magana ya yi karo, Injiniya ya ce dama ya faɗa. Wanda ya ci, Injiniya ya ce yaron yana da kunne. Shi kansa in ya hau babban titin da ya zagaye Washington, layin dama yake bi, hannu biyu a kan sitiyari, motar ɗaukar 'yan makaranta tana wuce shi yara suna ɗaga masa hannu. Ya ce gwani ba ya nuna gwaninta a kasuwa.

To ka san halin mutanenmu. In mun kai uku a ƙasar waje sai mun kafa ƙungiya, in mun kai biyar sai an naɗa sarauta. A Sterling, kusa da filin jirgin Dulles, akwai wata ƙatuwar rumfa da ake hayar gokat, 'yan ƙananan motocin nan marasa rufi da mutum ke zama kamar a kan faranti. Wata shekara bayan Sallah aka je can da iyali don yara su yi wasa, iyaye suka karɓe wasan. Daɗin abin ya sa aka mai da shi al'ada. 'Yan Kano da Zariya daga Virginia, 'yan Kafanchan da Jos daga Lanham, likita da nas da mai tuƙa tasi, kowa ya zo da kular abinci. Babu wani wuri da ake haɗuwa haka, in ba wurin rasuwa ba.

Injiniya ya dubi wannan farin ciki ya ga ba shi da tsari. Ya zauna ya rubuta tsarin mulki, ya yanka kakar tsere daga bazara zuwa shigowar sanyi, ya tsara yadda za a riƙa ba da maki, ya sa aka sayo kofi mai kunne biyu. Aka naɗa Kambai, wani dattijon malamin jami'a mai sanyin hali, shugaba. Shi kuma Injiniya aka yi masa laƙabi da Sarkin Kwana. A fahimtarsa, saboda iya shan kwana ne. A fahimtar sauran jama'a, saboda in ya shiga kwanar sai ya kwana a ciki.

A kakar farko wani nas mai suna Katung ya cinye gasar tun da sauran tsere a gaba. Wasu suka ce tunda an san zakara, a tsaya haka a huta. A ranar ce Injiniya ya yi jawabin da har yau ake tunawa.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah! Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tsere ibada ce ta haƙuri. Na biyu yana da haƙƙi, na bakwai ma yana da haƙƙi. A duk duniyar da ta san abin da take yi, ana gudu har tsere na ƙarshe ko da zakara ya tafi hutu. Wanda ya rufe kaka don an san zakara, kamar limamin da ya sallame ne don shi ya gama nasa karatun."

Aka tafa masa. Shi ne na bakwai a lokacin.

Kaka ta biyu Allah ya juyo da abin. Asibiti ya ɗora wa Katung aikin Asabar, ranar da ake tseren. Hajiya Furera, mai haɗa magunguna, wadda in ta sa hular kwano a kan mayafinta maza ke ba ta hanya, ta tafi gida jinyar mahaifiyarta. Masu tasi suna can bakin filin jirgi suna jiran fasinja. Mutum ɗaya ne ofishinsa ke rufe kowace Asabar, kuma tsarin mulkin da mutumin ya rubuta yana ba da maki ga duk wanda ya zo ya gama. Injiniya bai taɓa fashi ba. Yau na uku, gobe na huɗu, ran da mutum uku suka zo ya samu na uku da ƙyar. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba, amma da sannu-sannu kwandon ya cika. Saura tsere uku a gama, lissafi ya nuna babu mai kamo shi ko da zai zauna a gida.

Ya aika Kano aka ɗinko masa babbar riga, aka yi mata aikin zare baƙi da fari irin na tutar ƙarshen tsere. Ya fara amsa waya da "Zakara ke magana." Sai labari ya zo masa cewa Katung ya samu canjin aiki, Hajiya Furera kuma ta sauka a Dulles lafiya. Dukansu za su shiga sauran tseren uku.

Injiniya ya zauna ya hango abin. Zakaran shekara a gaban matarsa da 'ya'yansa da surukan mutane, ana zagaye shi kamar randa, ba sau ɗaya ba, sau uku. Kafin Azahar ya gano cewa tsarin mulki na buƙatar gyara, ya nemi a kira taron gaggawa.

A ɗakin ƙasa na gidan Kambai a Lanham aka zauna. Injiniya ya miƙe, ya gyara tabarau.

"Shugaba, 'yan uwa, ni mutum ne mai tausayi. Me ya rage a kakar nan? In an ga wata, me ake nema da hawa bene? Hausawa suka ce biki ya ƙare, sauran kuɗin makaɗi. Ku dubi hatsari. Mutum da iyali ya je ya karya haƙarƙari a kan matsayi na biyu? Wa ya taɓa tuna na biyu? Ni ba don kaina nake magana ba, ni na riga na ci. Kunyar da za ku sha nake jiye muku, kuna gudu a bayan abin da ya riga ya shiga aljihun wani."

Kambai ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, bara kamar kai ne ka ce sai miya ta ƙare."

"Bara miyar da sauranta, Shugaba. Bana na leƙa tukunyar da kaina."

Ya zo da shirin faɗa. Ya tanadi misalai daga Turai da Amurka, ya tanadi ma fushi da ficewa in ta kama. Sai ya ga Katung ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ba shi da ja. Hajiya Furera ta ce Allah ya sanya alheri. Aka ɗaga hannu, babu wanda ya ƙi. Kambai ya ce tunda kaka ta ƙare babu dalilin jiran biki, ya shiga bayan injin wanki ya ɗauko kofin a cikin ledar kanti, ya miƙa masa. Aka yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista, aka watse. Babbar rigar tana can Alexandria a rataye.

Asabar ta gaba Injiniya yana falo shi da kofinsa, ya goge shi ya canza masa wuri ya sake gogewa, sai ya ga Rumasa'u ta fito da kular masa, yara na biye da ita.

"Ina zuwa haka?"

"Sterling mana, Baban Sadiyya. An riga an kama wurin, mutane suka ce za su je su yi wasansu. Kai ka huta, ai ka gama naka."

Suka tafi suka bar shi da kofinsa. Wayarsa ta fara ƙara, hotuna na shigowa zauren ƙungiya. Ga mutanen da rabonsu da zuwa tun bazara. Ga Kambai da furfurarsa a cikin gokat yana dariya har da hawaye. Ba maki, ba tsarin mulki, ba mai tsayawa da biro. Injiniya ya jira a ce ina Zakara. Aka yi ta hira a zauren a kan yajin wa ya fi zafi. Abin da bai taɓa lissafawa ba ke nan: ya rufe kaka, amma shi kaɗai ya rufe a waje.

A ranar ne aka ga Injiniya Ladan a layin hagu na babban titi, karo na farko tun zuwansa Amurka.

Ya isa ana shirin tseren ƙarshe na yinin. Ya ce ya zo ne kawai ya sa musu albarka, amma tunda ga mota babu kowa, zai ɗan zagaya don kada yara su ce ba su taɓa ganin zakara a fili ba. Aka ba shi hular kwano. Aka ajiye shi a can baya.

Abin da ya faru daga nan, shi kansa bai san kansa ba. Da can in ya doshi kwana lissafi yake yi: in na yi karo na rasa maki, in na lallaɓa na samu na huɗu. Yau babu abin rasawa, ga kuma haushi ya cika masa ciki. Ya taka totur ya manta da birki. Ya wuce masu tasi. Ya wuce wani likitan ƙashi har likitan ya waiwayo ya tabbatar. Motar ta yi ta gogar tayoyin gefe, yana salati yana ƙara wuta. A zagayen ƙarshe ya tarar da Katung da Hajiya Furera sun rufe hanya suna kokawar shiga kwana, ya ga 'yar kafa tsakaninsu da bango wadda mai hankali ba zai shiga ba, ya runtse ido ya shiga. Da ya buɗe ido, babu kowa a gabansa.

Na ɗaya. Tun da uwarsa ta haife shi, na ɗaya.

Ya fito, ya ɗaga hannu sama ya juya wajen 'yan kallo. Duk sun ba fili baya, an buɗe kuloli. Ya ruga wajen allon da ke nuna sakamako, ya tarar an share, an sa sunayen wasu yara da suka zo bikin ranar haihuwa. Ya kamo hannun Kambai.

"Shugaba! Ka gani? A rubuta! Ina ba da shawarar a sake buɗe kaka nan take. Tsere uku aka yi wa jama'a alkawari, kuma alkawari kaya ne."

"Ranka ya daɗe, ni wa da zan warware hukuncin Zakara?"

Ya koma wajen Katung ya ce ya yi wa Allah ya ba da shaida. Katung yana tsotsar ƙashin kaza ya ce, "Oga, wane tsere? Ai an rufe tun makon jiya. Ni motsa jiki na zo yi." Hajiya Furera ta ce ita dai ta ji wani abu ya wuce ta, amma ba za ta rantse a kan abin da babu shi a tsarin mulki ba.

Saura mutum ɗaya. Ya same ta a bayan tebur tana zuba wa baƙi miyar taushe, ya tsaya a kanta yana haki.

"Rumasa'u, na zo na ɗaya. Na wuce Katung, na wuce Furera, na wuce kowa da kowa."

Ta ɗago ta dube shi, duban matar da ta fi shekara goma tana zama a gefensa a mota. Ta zuba waina uku a faranti ta miƙa masa.

"Sannu, Baban Sadiyya. Cire hular nan ka sha iska, ta matse maka kai."