Rasuwar Ma'aji na Shagon Shekari Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Keziya, matar marigayi Shekari mai hoto na Sabon Gari, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Ma'aji, baƙin akwatin nan mai faifai huɗu da ke ajiye hotunan shagonsu. Labarin ya same ta ranar Talata tana tsintar shinkafa. Tolulope mai gyara ne ya bugo waya daga Samaru, inda aka kwantar da Ma'aji. Ta ajiye tiren a ƙasa, kaji suka hau kai tana kallo.

Marigayi Ma'aji mai riƙon amana ne. Hotunan biki, na suna, na ɗaliban da suka gama karatu, babu wanda ya taɓa salwanta a hannunsa. Maganarsa ɗaya ce, "zuuu" safe da yamma, sai "ƙit-ƙit" in aiki ya yi masa yawa.

Kafin Shekari ya kwanta ciwo, ya koya mata layi ɗaya da za ta riƙa bugawa a baƙin allon kwamfuta in za a rufe shago. Layin yana sa Ma'aji ya ɗauki hoton duk abin da ke cikinsa yadda yake a lokacin, don in an goge wani abu yau, a koma jiya a ɗauko. Keziya ba ta yi nisa a boko ba, haddace shi ta yi kamar aya. Da shi aka ceto hotunan auren wata mai suna Ƙauna da aka goge bisa kuskure, amarya ba ta ma ji labari ba. Tun daga nan Keziya ta saki jiki, ba ta ga amfanin kwafar komai zuwa wani wuri ba.

Ciwon ajalin Ma'aji tsawa ce da ta biyo wayar wuta farkon damina, ta ƙone faifan huɗu. Ko a jikinta, ta ce wa Tolulope ya koma jiya kawai. Sai ranar Talatar nan ya fahimtar da ita cewa abin da take ɗauka kullum a cikin Ma'aji yake kwana. Sun tafi tare.

Mai hoto kullum yana bayan kyamara. In ban da hoton aurensu da ke falo, duk hotunan Shekari suna ciki, har da bidiyo ɗaya tak mai ɗauke da dariyarsa.

Ma'aji ya rasu ya bar kwamfuta marainiya, da wayoyi a reto, da kwastomomi da yawa da har yanzu ba ta san bakin da za ta faɗa musu ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a shago, bayan taron zumuntar mata. Ba za a ba 'yan gwangwan shi ba. Za ta naɗe shi da zani ta sa ƙarƙashin gado. Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo abinci. Wanda ke da hoton da Shekari ya faɗo a ciki, ko ƙeyarsa ce, ko rabin kafaɗa, ya zo da shi.

Shago yana buɗe. Kullum da safe takan fara juya fanka wajen lungun Ma'aji da yanzu babu kowa, ta zauna cikin zafi, kafin ta tuna.