Shirmen Oga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfuta ta tona mini asiri da Hausa a tsakiyar Landan ba. Ilimin halayyar ɗan Adam na karanta, aikina kuwa shi ne zama da masu buƙata ta musamman in ga inda shafin intanet ke ba su wahala kafin a sake shi. Saura mako guda in gama watannin gwaji a kamfanin da ya ɗauke ni, bizata kuma a kan aikin take rataye. Ko sunan Croydon aka ambata, inda ofishin shige da fice yake, sai in hau lissafin kwanakin da suka rage wa bizar.

Shugabata Baturiya ce, ina kiran ta oga (har ta koyi kalmar, tana jin daɗinta). Ta dage sai an sa wani ƙaton hoto a shafin farko, na ce zai tare wa mutane hanya, ta ƙi ji. To, kowane hoto yana da ɗan bayanin da ake ɓoyewa a bayansa, ido ba ya ganinsa. Don haushi na rubuta a wurin: "Wannan shirmen oga ne, ba ruwana." Na ce zan goge daga baya. (Ban goge ba.)

Ranar gwada shafin aka gayyato Baba Issaka, wani dattijo makaho ɗan Gana mazaunin unguwar Deptford. Oga ta zauna kusa da ni. Ya kunna manhajar da ke karanta wa makafi allo, sai a lokacin ni gwanar na tuna cewa ɓoyayyen bayanin nan shi take karantawa. Kafin in motsa, muryar ta rangaɗa da karin harshen Bature: "Wannan shirmen oga ne, ba ruwana."

Na ce a raina ai babu mai jin Hausa a ɗakin. Sai na ga kafaɗun Baba Issaka na rawa don dariya. Ashe ɗan zango ne, unguwar Hausawa a Gana!

Oga ta ce da Turanci, "Na ji sunana. Me ta ce?"

Nan take na fara lissafin akwati nawa kayana za su ci. Baba Issaka ya gyara zama ya ce, "Cewa ta yi hoton nan bai amfani kowa ba. Kuma gaskiya ne, ni ma ya tare mini hanya."

Oga ta ce a cire hoton.

Da na raka shi bakin lif, ya sassauta murya da Hausarsa ta zango: "'Yata, ka yi lucky yau. Shirme ɗin na riƙe maka, ban yi translate ba. Abin da ka ɓoye ma masu ido, kunnenmu yake zuwa."

An tabbatar da ni a aikin. Tun ranar, idan oga ta ba ni haushi, a zuci nake yin tsakina, don can ne kaɗai manhajar ba ta iya karantawa tukuna.